Maganar da Innarki ba ta ƙarasa ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga mahaifinki Idi, a hillarmu, wato ƙauyenmu na gefen Hasahisa, zuwa ga ɗiyata, Uwata, a Damazin. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan lori bai karya miki ƙugu ba, kuma kin iske Kawunki Sale da iyalinsa lafiya. Allah ya tsare ki a ɗaki da hanya, ya sa albarka a hannun da za ki riƙa karɓar 'ya'yan mutane da shi.

Na san da kin buɗe takardar nan kin ce, "Kai, Baba! Hausa kuma?" E, Hausa, kuma da gangan. In na rubuta miki da Larabci haɗiye ta za ki yi a tsaye kamar yadda kike haɗiye gurasar kisra in kin makara. Hausarmu da baƙaƙen Larabawa kuwa dole ki nemi wuri ki zauna, ki bi ta a hankali. Abin da nake so ke nan. Labarin hilla kuwa kada ki sa rai, auduga tana nan inda kika bar ta.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar da kika tafi, a tashar lori, kin riga kin hau, direba ya tada mota, sai Innarki ta matso ta kama ƙarfen gefe. Ke kin san Innarki. Ke ce 'yar fari, ga shi sunan mahaifiyata kika ci, don haka shekara ashirin da ɗaya ba ta taɓa kiran sunanki ba, daga "ke" sai "yarinyar nan". Ba ta taɓa tsayar da ke gaban jama'a ta yi miki magana ba. Ran nan ta daure ta ce, "Ke, in kin isa, ki..." Sai kika yi dariya daga sama kika ce, "Na sani, Inna! In riƙe salla, in ci abinci, in rubuto. Zan rubuto, Baba ya karanta miki." Lori ya ja. Innarki ta saki ƙarfen, ta gyara mayafinta, muka kamo hanyar gida.

Ba ta ce kin yi laifi ba. Amma sau uku ke nan miya tana yin gishiri, kuma ta daina waƙar nan da take yi wajen niƙa. Na tambaye ta, "Wai me za ki ce mata ne?" Ta dube ni ta ce, "Kai da ka san komai, ai sai ka faɗa." A nan na gane cewa ba ke kaɗai ake fushi da ke ba. Ciwon nan na ƙarasa wa mutane magana a wurina kika gada, Uwata, don haka bari in gaya miki inda na samo shi.

Ni allo kaɗan na yi. Ƙananan surori na haddace, mahaifina ya ce hawasha, wato gonarmu, ba ta jiran mai karatu, ya miƙa mini fartanya. Sai da na yi aure, kina ciki, aka buɗe ajin manya bayan la'asar a ƙarƙashin bishiyar makaranta. Wani siririn malami, Ustaz Bashir, shi ya riƙa koya mana. Wallahi ba zan manta ranar da ya rubuta "in sha Allah" a allo ba. Na ce, "Ustaz, me ya sa ka yayyanka ta?" Ya ce ai kalma uku ce. Kalma uku! Ni da nake faɗarta sau hamsin a yini, ban taɓa sanin tana da gaɓoɓi ba. A da magana a kunnena kamar ruwan tur'a take, magudanar nan da ke shayar da gonakinmu, ta zo ta wuce, abin da na kamfata shi ne nawa. Na koma gida ran nan ina ta rarraba duk abin da aka ce mini, har Innarki ta tambaye ni ko rana ce ta buge ni.

Bayan wata shida Ustaz ya kawo jarida. Na duba sama na duba ƙasa na ce, "Ina wasalin? An manta ba a sa ba." Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Ya Idris, wasalin yana cikin kanka. Dubi kalmar da ta wuce, ita za ta gaya maka mai zuwa." Haka muka yi ta fama. Ka ga baƙi uku tsirara, ka yi canki, ka faɗi daidai, ko ka faɗi abin da zai sa aji ya kwashe da dariya. Sannu a hankali cankina ya riƙa dacewa. Idona ya koyi tsallakawa gaba kafin bakina ya iso.

Abin da ban zata ba shi ne kunnena ma ya koya. Wata Talata ina kasuwar Hasahisa, a shagon mai shayi, rediyo yana labarai. Mai labarai ya fara jimla, sai na ji ƙarshenta ya faɗo cikin kaina kafin ya faɗe ta. Na ce ko dace ne. Ya fara wata, na riga shi, a fili wannan karon. Mutanen da ke kan benci suka juyo. Mai shayi ya ce, "Ya zol, bawan Allah, kai ka rubuta masa ne?" Ran nan shayi kyauta na sha, kofi biyu. Na dawo gida a kan jaki ina jin kamar ni ne mai hilla.

Kada ki ce zan kushe wannan baiwa, a'a. A da in mufattish ya zo duba gonaki yana zuba Larabcinsa na ofis, kai kawai nake gyaɗawa, bayan ya tafi in bi mutane ina tambayar me ya ce. Da na iya karatu sai ya zama kafin ya kai tsakiyar magana na san inda ya nufa, har na shirya amsa. Huɗubar Juma'a da take wuce ni ta koma tana tsayawa. Ke ma da wannan kika ci jarrabawarki ta unguwarzoma a Madani, da shi za ki fahimci likita tun bai rufe baki ba, a lokacin da jinkiri kan iya cin rai. Ki gode wa Allah a kansa kullum. Sai dai ki san inda yake aiki. Rediyo da mufattish da liman magana suke yi irin ta takarda, kan hanya ɗaya miƙaƙƙiya. Mutanenmu kuwa ba haka suke magana ba, kuma ni sai da na sha kunya kafin na san haka.

Kunya ta farko a kan ruwa ce. Wata safiya gafir, mai buɗe ƙofofin tur'a, ya tsaya da jakinsa a bakin hawashata ya ce, "Idi, mufattish ya ce gobe ruwa zai..." Ban bari ya sauke numfashi ba na ce, "Zai zo layinmu! Alhamdu lillahi!" Dawarmu ta fara lanƙwasa kai don ƙishi, me kuma zai ce? Na bar shi baki buɗe, na bi gida gida ina shela. Washegari tun da sassafe maza goma sha suka fito da fartanyu, kowa ya share bakin kwalbatinsa, muka zauna jiran ruwa. Hantsi ya yi, azahar ta yi, ko ɗigo. Can sai ga gafir yana tafe a hankali, ya ce, "Cewa zan yi ruwa zai tsaya kwana uku, za a yashe tur'a. Malaminku ne bai bari na ƙarasa ba." Daga ranar sunana ya koma Malam Na-sani. Har yau in tsofaffin hilla suna son su tsokane ni sai su ce, "Na-sani, yaya ɗanka Da-na-sani?" To, ki kiyaye: abin da ranki yake so ya ji, shi kunnenki zai fara kawo miki. In kin ji ƙarshen magana ya zo miki da daɗi tun ba a faɗe shi ba, a nan za ki ƙara riƙe bakinki.

Kin zaci na daddara? Ina! Kunya ta biyu ta fi ta farko. Lokacin ni ne mai rubuta wa hilla wasiƙa. Baba Tanko, tsohon nan mai shan taba gari da ya rasu kina ƙarama, ya zo in rubuta wa ƙanensa Mamman a Dindir. Mamman ya bar masa wata jar saniya da yake ji da ita kamar ransa, kuma kowa ya san ta kwanta ciwo a daminar. Baba Tanko ya zauna, fuska a murtuke kamar kullum, ya jera gaisuwa, sannan ya ce, "Ka ce mishi saniyar nan tashi da ta kwanta, ta mu..." Tari ya sarƙe shi. Kafin ya gama tarin alƙalamina ya riga ya rubuta "ta mutu", har na ƙara da "sai haƙuri" daga aljihuna. Ya ƙarasa maganarsa, na rantse miki ya ƙarasa, amma ban ji ba, domin kunnena ya riga ya rufe ƙofa. Na naɗe takarda ban karanta masa ba.

Bayan kwana goma sai ga Mamman ya sauka daga lori, ido jajur, ya zo karɓar ko da fatar ce. Ya shiga gidan wansa, ya iske jar saniya a tsaye tana tuƙa, ta yi ƙiba har tana sheƙi. Ashe "ta murmure" tsohon ya ce. Mamman ya rungume wuyan saniya yana kuka yana dariya, Baba Tanko kuwa ya ɗauko sanda ya nufo gidanmu. Hukuncin da dattawa suka yanke shi ne Mamman zai ci abinci a gidana har ya koma, kuma mutumin nan sai da ya yi mako biyu. Innarki ce ta yi ta tuƙa tuwon, ba ta yafe mini ba sai bayan salla.

Saboda haka, in mace ta gaya miki abin da ke damunta, ki maimaita mata da bakinki. Ki ce, "Kin ce tun jiya da safe, ko tun shekaranjiya? Kin ce yana motsi, ko ya daina?" Kada ki ji kunyar a ce ɗiyar makaranta ba ta gane ba. Da na karanta wa Baba Tanko layi ɗaya tak, da buhun dawata bai tafi cikin Mamman ba.

Ta uku ba ta dariya ba ce, kuma ban taɓa gaya miki ita ba. Kina da wata bakwai. Na dawo daga gona da azahar, na ɗauko jarida na zauna a inuwa. Innarki ta zo ta tsaya daga bakin ƙofa, ta ce, "Malam, yarinyar nan jikinta..." Na ce, "Da zafi, na sani. Zazzaɓin damina ne, duk yaran hilla suna yi. Ki jiƙa tsumma ki shafa mata." Ko kai ban ɗaga ba. Ke 'yar fari ce, kunya ba ta barinta ta nace a kanki gabana, kada a ce ta cika son ɗiya. Ta juya ta koma ciki.

Allah ya kawo Iya Gambo, tsohuwar unguwarzomar da ta yanke miki cibiya, ta shigo aron turmi. Iya Gambo ba ta san alifi ba ko da ya kai tsawon taɓarya. Suka gaisa da Innarki, lafiya lau, lafiya lau, ba komai. Ta ɗauki turmin ta kai bakin ƙofa, sai ta ajiye shi. Ta tsaya kawai tana duban Innarki. Can Innarki ta ce, "Sai dai yarinyar nan, jikinta ya saki, tun jiya take gudawa, yau ko nono ba ta kamawa." Ba zafi ba ne, Uwata. Jikinki sanyi ƙalau yake, maɗigarki ta faɗa. Iya Gambo ta leƙo ta ce mini, "Kai mai takarda, aje ta ka ɗaura wa jaki." Muka kai ki asibitin Hasahisa kafin la'asar. Wanda ya duba ki ya ce da mun kai gobe da wata magana ake yi. A hanyar dawowa ke kina barci a bayan Innarki, ni ina jan jaki ina kuka, ban damu da wanda ya gan ni ba.

Daga baya na tambayi Iya Gambo yadda ta sani. Ta ce, "Ban sani ba. Shi ya sa na tsaya." Na daɗe ina juya wannan amsa. Mu da muka yi karatu kanmu yana gudu ya tari magana a gaba, su kuwa suna zaune sai ta iso inda suke. Ba wai ba su da nasu hasashen ba ne. Innarki daga takun ƙafata take sanin ko na yi faɗa a gona, Iya Gambo daga yadda mace ta zauna take sanin watan cikinta. Amma maganar mutum suna bar masa ita sai ya kai ta ƙarshe da kansa.

To ga ki yanzu cikin farar riga, matan ƙauyukan Damazin za su riƙa zuwa wurinki. Bari in gaya miki yadda za su yi, don na yi shekaru ina rubuta musu wasiƙa. Mace za ta fara da Larabci saboda ta ga rigar, ta ce kwayyis, alhamdu lillahi, ɗan ciwon kai ne kawai. Wannan duk share fage ne. Za ta tashi, ta gyara goyo, ta kai bakin ƙofa, sannan ta juyo ta ce da Hausa, ƙasa ƙasa, "Sai dai..." Abin da ya taso ta daga gida yana bayan wannan "sai dai" ɗin. In kika cika mata baki tun a ciwon kai, za ta ce "haka ne, ya daya," kamar yadda suke kiran unguwarzoma, ta karɓi ƙwayoyinki ta tafi da ciwonta. Ba za ta yi miki gardama ba, ke mai ilmi ce. Ki bar shiru ya ɗan yi tsawo, ba ya cizo. Ni dabarar da na samo ita ce in danna harshena a bayan haƙora in ƙirga biyar. Har yau wani lokaci a uku nake kasawa.

Mu dawo kan Innarki. Da ta ce in faɗa tunda na san komai, sai tsohon hali ya motsa. Na ce, "Cewa za ki yi ta gaishe da matar Sale." Ta ce a'a. Na ce, "Ta kula da samarin gari." Ta ce ɗiyarta ba ta bukatar wannan. Na ce, "To, ta aiko miki da turaren wuta." Ta ce, "Saniya ta sake mutuwa, Malam." Ka ji mace! Sai na ajiye komai na zauna a tabarma, na danna harshe. Ta ci gaba da tsince wake kamar ba ni a wurin. Na ƙirga biyar ta fi sau ashirin. Sai da ta gama waken tas, ta tashi ta shiga ɗaki, ta buɗe akwatinta, ta ɗauko wani abu a naɗe cikin ɗankwali ta ajiye a gabana.

Littafin rubutu ne, irin na 'yan aji ɗaya. Kin tuna ajin ɗinki da take zuwa duk Litinin da Alhamis a gidan matar Ustaz, wanda muke yi mata dariya wata tara ba ta ɗinka ko hula ba? Ashe ba allura take riƙewa a can ba. Tun ranar da aka ce za a tura ki nesa ta je ta ce a koya mata baƙi. Ni Malam Na-sani, ina kwana ina tashi a gida ɗaya da ita, ban sani ba. Na buɗe littafin na ga shafi bayan shafi, baƙi huɗu ne kawai ake ta maimaitawa, baƙaƙen sunanki, na farkon a karkace kamar sawun kaza, na baya baya sun miƙe. Na yi dariya har hawaye, ita ma ta yi, rabon da in ji dariyarta tun ranar tasha.

Ta ce in rubuta tawa wasiƙar in bar mata wuri a ƙasa, kuma in na kuskura na taya ta ko da ɗigo ɗaya ne, in nemi mai yi mini tuwo. Tun hantsi take gwada nata a littafinta, ga shi har an kira azahar. Sau biyu na ga kalmar da take nema tana yawo a bakin alƙalami, na zauna a kan hannuwana. Na tambaye ta, kunyar fa? Ta ce baki aka hana, ba a ce komai a kan hannu ba.

Ni nawa ya ƙare. Allah ya kiyaye ki daga sharrin hanya da na baki, ya ba ki kunne mai haƙuri, ya sa duk wadda ta shigo wurinki da nauyi ta fita da sauƙi. Allah ya dawo mana da ke lafiya. Ki gaishe da Kawunki da mutanen gidansa. Wassalam, mahaifinki Idi.

Abin da ke ƙasa ba hannuna ba ne. Ki bi shi a hankali, har ƙarshe.

Rakiya. In kin isa ki rubuto mini tawa daban. Da manyan baƙi. Ni zan karanta. Rakiya. Rakiya.